Canjin Tayar Mashin da Hannu: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bar wa Mai Faci?

Kafin ka kashe ko sisi a kan liba (ƙarfen ɓamɓare taya daga rim) ko famfo, durƙusa ka dubi bawul ɗin tayarka. Idan ƙarfe ne mai zare tun daga gindi har sama, da ɗan noti da ya riƙe shi a jikin rim, to galibi akwai tif a ciki. Haka yawancin wili mai sifok yake, irin na Bajaj Boxer da Jincheng da sauran mashinan da ake kai buhu kasuwa da su. Idan kuwa gindin bawul ɗin baƙar roba ce mai kauri da ta toshe hujin rim ɗin alminiyom, tayar marar tif ce, wadda masu faci ke kira tubles. Kada rim ɗin alminiyom ya ruɗe ka, domin akwai mashinan da suke zuwa da shi amma da tif a ciki, akwai kuma waɗanda wani mai faci ya cusa musu tif bayan tayar ta gaji da toshi. Wannan dubawar ce za ta raba maka kayan da kake buƙata da waɗanda za su zame maka kayan ado. Mai tif zai iya gama aikinsa kaf a gindin bishiya da abin da bai cika ƙaramar jaka ba. Mai tubles kuwa akwai gaɓa biyu a aikinsa da hannu kaɗai ke shan wahalarsu, za mu zo kansu.

Abin da ke hana mutane cire taya ba rashin ƙarfi ba ne. A cikin leɓen kowace taya akwai zoben wayar ƙarfe wanda ba ya miƙewa, kuma faɗinsa bai kai na bakin rim ba. Da gangan aka yi shi haka don kada taya ta fice ana cikin gudu. To ta yaya za ta fita? Dubi tsakiyar rim, inda kawunan sifok suke, za ka ga kwarmi ya zagaye shi. Idan ka danna leɓen tayar ya faɗa cikin kwarmin nan a gefe guda, sai gefen da ke fuskantarsa ya sami sararin da zai haye bakin rim. Mace ba ta buɗa awarwaro don ya shiga, hannunta take naɗewa. Kwarmin nan shi ne naɗewar hannun. Dabarar ta tsufa, wani ɗan Ingila mai suna Charles Welch ne ya yi rajistarta a 1890, shekara biyu bayan John Dunlop ya fito da tayar keke mai iska, kuma har yau a kanta ake. Duk kayan aikin da zan ambata a nan, da mai araha da mai tsada, aikinsu ɗaya ne: ko dai su riƙe leɓe a cikin kwarmi, ko su ɗaga ɗaya ɓarin. Wanda ya ji liba ta cije har yana neman hawa kanta, to leɓen da ke can ɗaya gefen ya fito daga kwarmi. Ya koma can ya danna, ba ya ƙara ƙarfi ba.

Maganar liba

Sukundireba ita ce libar wanda faci ya ritsa da shi ba shiri, kuma ita ce ta fi kowane kayan aiki kashe sabon tif. Bakinta mai kaifi ne, siriri, ba shi da lanƙwasar da za ta rungumi leɓen taya, saboda haka ko dai ta zame ta karce rim, ko ta shige ciki ta tsinke tif. Sau nawa mutum zai gama haɗa taya, ya ba ta iska, ya ji tana fiii, a ciro tif a ga ƙananan huji biyu gab da juna? Wannan ba ƙusa ba ce, cizon ƙarfe ne. Idan dole ta kama, a goge bakin sukundirebar a kan dutse ko kankare har kaifin ya mutu. Amma wanda ke shirin sayen kaya, ya cire ta daga lissafi.

Libobi na gaskiya sun kasu ta tsawo. Gajeru, masu inci 8 zuwa 9, su suka fi dacewa da tafiya, suna shiga ƙarƙashin kujera ko akwatin gefe. A tayar Boxer, wadda galibi 2.75-17 ce a gaba da 3.00-17 a baya, ko tayoyin inci 18 na su Jincheng, gajeru sun isa matuƙar an iya aikin. Suna ma da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ba sa ba ka ƙarfin da za ka yi ɓarna da shi. Dogwaye, masu inci 15 zuwa 16, na tayoyin manyan mashina ne masu taurin gefe. A hannun gwani suna rage gumi, a hannun ɗan koyo kuwa suna lanƙwasa bakin rim ko su tsinka wayar leɓe, kuma tayar da wayarta ta tsinke ta tashi aiki ko da jiya aka saye ta. Libar mota, irin mai kusan ƙafa biyu da ake gani a rumfar masu facin manyan tayoyi, kada ta kusanci wilin ƙaramin mashin. A ganina masu inci 11 zuwa 12 su ne tsaka-tsakin da ya fi karɓar yawancin mutane, musamman mai ɗora taya mai kaurin gefe saboda ɗaukar kaya.

Bayan tsawo sai siffar baki. Akwai mai baki kamar cokali, mai faɗi da santsi, akwai mai ɗan ƙugiya a ƙarshe. Mai cokali ta fi tausaya wa tif, ita ake so wajen mayar da taya. Mai ƙugiya ta fi kama leɓe wajen cirewa, amma idan ka zura ta da nisa za ta kamo tif tare da leɓen. Wasu libobin suna da cokali a kai ɗaya, ƙugiya a ɗaya kan, waɗannan su ne na fi so a ba ɗan koyo.

Maƙera ma suna yin liba, galibi daga tsohon sifirin mota, kuma ƙarfen sifirin ƙarfe ne nagari wanda ba ya lanƙwashewa da wuri. A wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka rasa wanda zai buga maka ba. Sau da yawa ta maƙera ta fi ta kanti mai ƙyalli wadda ke zuwa a leda, domin wasu daga cikin na ledar ƙarfensu laushi ne, taya ɗaya mai taurin kai ta isa ta mayar da su baka. Matsalar ta maƙera ɗaya ce, kaurin baki da kaushinsa. Ka tsaya a kai a sirance maka bakin, a kashe kusurwoyinsa, sannan ka bi shi da samfefa har ya zama idan ka shafa shi a bayan hannunka ba ya karta. Akwai kuma na alminiyom da kamfanoni irin su Motion Pro na Amurka ke yi, wasu har da kan sifana a ɗaya ƙarshen don kwance notin shaf, wato ƙarfen da wili ke juyawa a kansa. Ba su da nauyi, suna da kyau ga mai yawon duniya a kan mashin wanda ke auna nauyin kayansa. Ga mai Boxer a Ɓaɓura ko Dakoro, kuɗinsu ya fi amfaninsu.

Biyu ko uku? Uku. Da biyu ana yi, amma da zarar ka zare ɗaya don ka ci gaba sai leɓen da ka ɗaga ya koma inda ya fito. Ta uku ita ce ke tsare wurin, kana iya maƙale ta a bayan sifok ko ka danne da gwiwa. Masu sayar da kaya na waje suna da wani ɗan ƙarfe, Bead Buddy, da ake maƙalawa a sifok ya riƙe leɓe a cikin kwarmi. Yana aiki, amma gwiwoyinka biyu da ɗan guntun katako da ka cusa tsakanin leɓe da bakin rim suna yin abin da yake yi kyauta.

Mai rim ɗin alminiyom yana da ƙarin buƙata, wato abin da zai shiga tsakanin liba da rim. Ana sayar da robobin da aka yi don haka, amma yankin tsohuwar jarka ko tiyon ruwa da aka tsaga shi a tsaye ya wadatar. Ka ɗaura masa ɗan zare, domin idan ya suɓuce ya faɗa cikin taya sai ka sake buɗe ta. Kada a ɗauka don kwalliya ake wannan. A tayar tubles bakin rim shi ne ke riƙe iska, gurbin liba ɗaya mai zurfi zai sa taya ta riƙa sacewa a hankali har ka rasa dalili.

Santsi da rana

Taya busasshiya ba ta zamewa a kan ƙarfe, kamawa take. Abin da ya fi sauƙin samu kuma ya fi aminci shi ne sabulun wanka ko na wanki na sanda, a jiƙa shi ya yi kumfa mai kauri a shafa a leɓe. Yana ba da santsi lokacin aiki, ya bushe daga baya, taya ta kama rim. Garin omo ma yana santsi, amma yana da gishiri-gishiri masu cin ƙarfe, kuma ruwan da ya maƙale a kwarmi shi ke sa kawunan sifok tsatsa har watarana tsatsar ta huda tif. Baƙin mai da giris su ne mafi muni duk da cewa su suka fi kusa da hannun makaniki. Mai yana lalata roba, kuma ba ya bushewa, saboda haka idan ka taka birki da ƙarfi ko ka ɗauki kaya a hawa, taya za ta iya zamewa a kan rim ta ja tif, bawul ya tsinke daga gindi. Wannan hujin ba ya facuwa. Akwai man shafa na musamman da kamfanonin taya ke yi, mai rumfa ya kamata ya nema. Mai mashin ɗaya sabulu ya ishe shi.

Rana kuwa kayan aiki ce da ba a saye. Shanya sabuwar taya a kan kwalta ko siminti da hantsi, kafin ka gama kwance wili ta yi laushi, wani lokaci leɓen farko da tafin hannu da dunduniya kawai zai shiga. Wanda ya gwada ɗora taya da sassafe a tsakiyar hunturu ya san bambancin.

Wajen mayarwa ake rabuwa

Cirewa kusan kowa hanyarsa ɗaya. A kwance ƙwayar bawul da makullinta don iska ta fita gaba ɗaya, a cire notin bawul da sifana lamba 10 ko 12, a tattake gefen taya har leɓe ya saki rim ta kowane ɓari, sannan a fara ɗagawa daga kusa da bawul, ana danne ɗaya gefen a kwarmi. Dalilin farawa daga nan shi ne gindin bawul yana tare kwarmi, leɓe ba zai iya faɗawa ciki a wurin ba. A riƙa cizo kaɗan-kaɗan, tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin liba da liba. Idan wilin yana da faifan birki, a ɗora shi a kan tsohuwar taya ko katako biyu don kada faifan ya taɓa ƙasa ya karkace.

Mayarwa ce ke da mazhabobi biyu. Na farko su ɗora leɓe ɗaya a rim, sannan su cusa tif, su lallaɓa bawul ya shiga hujinsa. Na biyu su sa tif a cikin taya tun tana ƙasa, su fara zura bawul a huji su kama shi da noti zare biyu ko uku, sannan su ɗora leɓɓan. A ƙaramar taya mai laushi hanyar farko ta fi sauƙi, kuma ita ce dole idan faci kawai za ka yi, tunda ba sai ka cire taya duka ba. Wahalarta ita ce zura bawul, yatsu na shan matsa tsakanin leɓe da rim. A taya mai tauri, irin ta mashinan jeji masu wilin gaba inci 21, hanya ta biyu ta fi, domin ta kawar da wannan kokawar. Akwai 'yar waya mai zare a kai da ake zurawa ta hujin rim a ɗaura a bawul a jawo shi; ba ta da tsada, kuma duk wanda ya taɓa fasa farce a wannan gaɓar zai ga darajarta.

Ko wacce ka bi, abu biyu ba sa canzawa. Ka ba tif 'yar iska, daidai yadda zai yi siffarsa ba tare da ya kumbura ba, saboda tif da ya kwanta shafal shi ke naɗewa ya shiga ƙarƙashin liba. Ka kuma shafa masa hoda, ko da ta jarirai ce, don ya zame ya zauna daidai. Sannan wajen rufe leɓe na biyu, kada liba ta wuce tsaye. Da ta miƙe sama leɓen ya riga ya haye. Idan ka ci gaba da kwantar da ita zuwa tsakiyar wili, bakinta ne ke matse tif a jikin rim. Yawancin cizon tif a tafin hannun ƙarshe yake faruwa, lokacin da mutum ya gaji yana so ya gama. A nan ne za ka tsaya, ka zagaya da gwiwa ka tabbatar duk sauran leɓen yana cikin kwarmi, ka ƙara sabulu. Wasu masu faci ba sa sa liba a wannan gaɓa sam, dunduniya suke sawa ko gudumar roba, kuma a ƙaramar taya hanyarsu ta fi aminci. Gudumar ƙarfe ce ban yarda da ita ba, kuskure ɗaya ya lotsa rim.

Kafin duk wannan, a shafa cikin taya da tsumma, ba da yatsa tsirara ba, a nemo abin da ya yi hujin. Ƙusa tana bayyana kanta, amma ƙayar aduwa ko ta bagaruwa karyewa take a cikin roba, kanta kaɗai ke leƙowa ciki, ta jira sabon tif. A duba robar da ke rufe kawunan sifok, idan ta tsinke a yanko wata daga tsohon tif. A duba kibiyar da ke gefen taya mai nuna inda za ta juya, domin babu takaici kamar ka gama ka ga ka ɗora ta a baibai. Idan sabuwar taya tana da ɗigon fenti a gefe, yawanci rawaya, wurin da ya fi rashin nauyi ke nan, a daidaita shi da bawul. Notin bawul kuma kada a ɗaure shi tam a jikin rim. Idan aka bar shi sako-sako, ranar da taya ta fara zamewa za ka ga bawul ya karkata kafin ya tsinke.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a intanet, ta ɗaure leɓɓan taya biyu wuri ɗaya da igiyoyin roba masu haƙora irin na masu wayarin, kamar shida ko takwas, sannan a tura tayar duka a kan rim ba liba. Tana yi, musamman a tayar tubles mai faɗi da ta sha rana da sabulu, kuma ba ta karce rim. A siririyar taya mai tif ribarta kaɗan ce, ga asarar igiyoyin kowane karo.

Inda tubles ke gagarar hannu

Rim ɗin tubles yana da ɗan tudu a ciki da ke kulle leɓe don kada taya ta fice idan iska ta fita ana gudu. Alheri ne a kan hanya, azaba ne wajen canji. Tattakawa ba ta cika sakinsa ba. Masu tafiya rukuni suna amfani da ƙaramin jak na wani mashin, a kwantar da wilin a ƙasa a jingino nauyin mashin a kan leɓe. Yana yi, amma yana son mutum biyu da natsuwa. Babban matsin kafinta mai sukurwa ya fi wannan aminci, a hankali yake matsawa har leɓe ya faɗa. Dogon katako da aka soka ƙarƙashin wani abu mai nauyi, da guntun katako a kan leɓe, shi ma yana yi a gida. Bi ta kan taya da mota kuwa hanya ce ta sayen sabon rim.

Gaɓa ta biyu ita ce zaunar da leɓe bayan an ɗora. Tubles tana son iska mai yawa a lokaci guda don leɓɓan su buɗe su kama rim, famfon hannu kuwa kaɗan-kaɗan yake bayarwa, iskar na fita ta gefe. Cire ƙwayar bawul yana taimakawa, ɗaure taya da igiya ta tsakiyar gadonta ma haka, amma gaskiyar magana aikin injin iska ne. Ko da injin, kamfanonin taya suna gargaɗin kada a wuce awo 40 (PSI) na geji, wato ma'aunin iskar taya, wajen zaunar da leɓe. Idan bai zauna ba a sace iskar, a ƙara sabulu, a sake. Masu zuba fetur a cikin taya su ƙyasta ashana suna wasa da idanunsu ne.

Saboda haka mai tubles, sai dai in sha'awar aikin yake, ya bar canjin taya ga mai injin. Abin da ya kamata ya ɗauka shi ne kayan toshi: tsinken gyara huji, allurar cusawa, da igiyoyin roba masu danƙo. Da su zai toshe hujin ƙusa a cikin 'yan mintuna ba tare da ya kwance wili ba, wanda shi ne babban abin da tubles ta fi mai tif da shi. Toshin nan na kai ka gida ne. Gyara na dindindin daga ciki ake yin sa, da faci mai wutsiya da ke ratsa hujin. Hujin da ya wuce kusan milimita 6, ko wanda ke gefen taya, ba na gyara ba ne.

Faci: na sanyi, na wuta, ko sabon tif

Facin sanyi shi ne na leda, a kankare wurin da samfefa, a shafa sholisho, a jira ya bushe har ya daina kama yatsa, a manna a danne sosai. Masu cewa ba ya riƙewa galibi gaggawa suka yi, suka manna a kan danyen sholisho, ko kuma sholishon ya daɗe a buɗe ya mutu. Mai kyau, irin na kamfanin Rema Tip Top na Jamus, yana riƙewa har tif ya tsufa. Abin lura shi ne zafin akwatin mashin yana busar da bututun da aka riga aka fasa, don haka ƙananan bututu biyu sun fi babba ɗaya. Facin wuta, wanda ake ɗora ɗanyar roba a matse a gasa, ya fi dacewa da tsaga mai ɗan tsawo, kuma a hannun wanda ya iya yana zama jiki ɗaya da tif. A hannun wanda bai iya ba kuwa wuta takan ci gefen facin, wurin ya yi rauni. Ba kayan tafiya ba ne, na rumfa ne.

A kan hanya, abin da ya fi duka biyun shi ne tif na ajiya. Ka sa sabo ka wuce, ka yi facin tsohon a gida cikin natsuwa ya zama na ajiya. Ka saye shi daidai lambar tayarka. Babba yana naɗewa a ciki, ƙarami yana miƙewa ya sirance. Tif iri biyu ne a kasuwa. Na roba ta asali ya fi jure matsa kuma ya fi karɓar faci, amma yana sace iska a hankali, sai ana dubawa. Na butil ya fi riƙe iska, amma yana son kankara mai kyau kafin faci ya kama shi. Mai bin hanyar ƙaya da duwatsu na farko ya fi masa. Ruwan da ake ɗurawa a tif don ya toshe huji da kansa yana maganin ƙananan ƙayoyi irin tsidau, sai dai ranar da ya gaza, faci ba ya kama wurin sai an wanke shi tas.

Famfo kuwa, na hannu irin na keke ba ya mutuwa a daji, kuma ƙaramar taya ba ta da cin iska. Na ƙafa ya fi sauƙi amma ya fi girma. Ƙaramin inji mai aiki da batir yana da daɗi, sai dai batirin ƙananan mashina ba shi da ƙarfi, dole a bar mashin a kunne, kuma a ƙauye mashin nawa ne batirinsa ke da rai? Abin da bai kamata a tsallake ba shi ne geji. Matsa taya da yatsa ko ƙwanƙwasa ta da sifana ba awo ba ne. Irin su Boxer suna son wajen 25 a gaba, 28 a baya, a kai 32 idan da goyo ko kaya. Ainihin adadin yana cikin littafin mashin ko a manne a jikinsa. Taya mai ƙarancin iska ita ke cizon tif a bakin rami, mai yawan iska kuma ta cinye tsakiyarta ta riƙa zamewa a kan yashi.

To wa zai sayi me? Mai mashin a cikin Kano ko Zariya ko Maraɗi, inda kowace kwana akwai mai faci, geji da makullin bawul sun ishe shi, in tubles ce ya ƙara kayan toshi da ƙaramin famfo. Lokacin da zai ɓata yana kokawa da taya ya fi kuɗin da zai biya tsada. Manomi, da ɗan kasuwar ƙauye, da malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke shiga inda in taya ta sace sai turi, shi ne wannan kaya ya zame wa dole: liba uku masu inci 9 zuwa 12, sifanun da suka dace da notin shaf ɗinsa, filaya, makullin bawul da ƙwayoyi biyu na ajiya, famfon hannu, tif ɗin baya, facin sanyi, da guntun sabulu. Kuma ya fara gwadawa a tsakar gida ranar da ba ya sauri, ba a bakin rafi da magariba ba. Mai babban mashin mai taya irin 180/55-17 a baya, idan ya dage sai ya yi da kansa, yana buƙatar dogwayen libobi, kariyar rim, matsin sakin leɓe, injin iska, da abin daidaita nauyin wili, domin a gudun da irin waɗannan mashina ke yi rashin daidaito yana girgiza kan mashin. Irinsa ne na'urorin hannu masu tsayawa a ƙasa kamar Rabaconda ta ƙasar Estoniya ke yi wa amfani, duk da cewa kuɗinta zai sayi tayoyin Boxer masu yawa. Matashin da zai buɗe rumfa kuwa ya fara zuba jarinsa a injin iska mai tanki da geji na gaskiya, libobi ya je wurin maƙeri, abin sakin leɓe kuma mai walda zai haɗa masa da ƙarfen kwana da bututu.

Tayar da za a ɗora ma a duba ta tun a shago. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Taya da ta shekara biyar a sito tana shan zafi ta riga ta fara bushewa, za ta ba ka wahala wajen ɗorawa kuma ta tsage da wuri. Bayan an mayar da wilin baya, a daidaita sarƙa ta alamomin da ke ɓarin hagu da dama su zo ɗaya, a mayar da sandar birki da ƙarfen da ke riƙe kwanon birki, a ɗaure notin shaf a soka masa fil ɗinsa, a juya wili a ga siririn layin da ke gefen taya ya bi bakin rim daidai ta ko'ina. Idan ya nutse a wani wuri, leɓe bai zauna ba, a sace iska a sake. Mai faifan birki ya matsa birkin sau da yawa har ya yi tauri kafin ya sauke mashin daga jak, kuma sabuwar taya tana da santsi a kilomitocin farko, a bi kwana a hankali.